Yadda ake rage takardar saiti ta mita 50 don atisayen harbi a cikin ɗaki

Wasan harbi da ƙaramar bindigar gasa, wadda take cin harsashi mai lamba .22, an gina shi ne a kan nisan mita 50. Duk wanda ya san yadda gidaje da filaye suke a Yamai ya san cewa samun wuri mai wannan tsawo, mai katanga da tudun tare harsashi da izinin hukuma, ba abu ne na kullum ba. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da yake hana mutum kwanciya a fili sanye da rigar harbi mai kauri, ga ƙurar hunturu da take dusashe gani. Saboda haka yawancin atisayen mai son wannan wasa a ƙarƙashin rufi yake yin sa, ko dai a zauren harbi mai gajeren zango, ko kuma a ɗakinsa na gida ba tare da harsashi ba. A duka biyun yana buƙatar takardar saiti da aka rage girmanta yadda idonsa zai gan ta daidai da ta mita 50.

Rage takardar lissafi biyu ne mabambanta, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren da ya fi ɓata atisaye. Baƙin da ido yake saitawa, wato baƙar da'irar da take tsakiyar takarda, yana da lissafinsa, mai sauƙi. Zobban da ake ƙirga maki da su suna da nasu, domin takarda tana raguwa amma harsashi ba ya raguwa. Wanda ya kai takardar gasa wurin mai fotokopi ya ce a rage masa ita da rabi don harbi a mita 25 zai samu baƙi daidai, amma zobbansa za su riƙa ba shi makin da bai ci ba, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya kwanta a gaban takardar gaske.

Lambobin asali

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda hedikwatarta take a Munich ta ƙasar Jamus, ita ce ta tsara takardar mita 50. Zoben maki 10 yana da faɗin milimita 10.4, kuma kowane zobe na gaba ya fi na cikinsa faɗi da milimita 16, wato na 9 milimita 26.4, na 8 milimita 42.4, na 7 milimita 58.4, haka har zuwa na 1 mai milimita 154.4. Baƙin tsakiya kuwa faɗinsa milimita 112.4 ne, bakinsa yana faɗawa tsakanin zobe na 4 da na 3. Ana auna kowane zobe ne daga bakin layinsa na waje, kuma kaurin layin bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba. Harsashin yana da faɗin milimita 5.6, kuma ƙa'idar ƙirga maki ita ce, idan gefen hudar ya taɓa layin zobe, an ba mai harbi makin wannan zoben. Waɗannan lambobi ya kamata a rubuta su a shafin farko na littafin atisaye, domin duk abin da zai biyo baya daga gare su yake fitowa.

Baƙin da ido yake gani

Ido ba ya auna milimita, kusurwa yake aunawa. Abu mai faɗin milimita 112.4 a nisan mita 50 da abu mai rabin wannan faɗi a rabin nisan, girmansu ɗaya ne a cikin zoben saiti na gaba, wato ƙaramin zoben da yake kusa da bakin bindiga wanda ake leƙa baƙin ta cikinsa. Don haka sai ka raba 112.4 gida 50, ka samu milimita 2.248, wato abin da kowace mita ɗaya ta nisa take ci, sannan ka ninka shi da nisan da kake da shi. A mita 25 baƙin zai zama milimita 56.2, a mita 20 milimita 45, a mita 15 milimita 33.7. A mita 10 zai zama milimita 22.5, kusan faɗin tsabar kuɗi ta dala goma. Ɗakunan gida ba su cika wuce mita 4 zuwa 6 ba, kuma a can baƙin ya koma milimita 9 a mita 4, milimita 11.2 a mita 5, milimita 13.5 a mita 6.

Nisan da za ka saka a lissafin daga idonka yake farawa, ba daga bakin bindiga ba, ba kuma daga gefen tabarmar da ka shimfiɗa ba. A filin mita 50 wannan bambanci ba ya damun kowa, domin santimita 30 a cikin mita 50 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A ɗaki mai mita 5 kuwa waɗannan santimita 30 kashi 6 ne cikin 100, kuma hakan ya isa ya canza kaurin farin da yake kewaye da baƙi a cikin zoben gaba, alhali wannan farin shi ne ainihin abin da kake koya wa idonka ya saba da shi. Hanyar da ta fi ita ce ka shiga matsayin harbinka sosai, kumatunka a kan ƙotar bindiga, wani ya riƙe maka mitar awo irin ta magina daga gefen idonka zuwa fuskar takarda. Sai ka sa alama a ƙasa da alli ko salatif a inda gwiwar hannunka ta hagu take sauka, idan da dama kake harbi, domin gobe ka dawo wuri guda ba tare da sake awo ba. Matsayi uku da ake gasa da su, wato durƙuso da kwanciya rub da ciki da tsayuwa, kowanne yana ajiye ido a wani wuri dabam, saboda haka kowanne yana buƙatar alamarsa.

Idan ka gama, akwai gwaji mai sauƙi. Kada ka canza zoben gaba da ka saba amfani da shi a mita 50. Idan ka leƙa ka ga farin da ya kewaye baƙi ya yi kauri ko ya yi siriri fiye da yadda ka san shi, to takardar ce ko nisan yake da matsala, kuma su za ka gyara. Ban ga amfanin canza zobe don ya dace da takardar da ba daidai ba, tun da zoben shi ne abin da za ka je gasa da shi.

Tsayin da za a kafa takarda shi ma ana rage shi, kuma mutane da yawa ba sa kula da wannan. A ƙa'idar hukumar, tsakiyar takardar mita 50 tana zama ne a tsayin santimita 75 daga matakin wurin da ake harbi, ko da yake an yarda da ƙari ko ragi na rabin mita. Layin ganinka yana tashi daga idonka ya nufi wannan tsayi, kuma takardarka ta ɗaki dole ta zauna a kan wannan layin. Ka auna tsayin idonka daga ƙasa, ka nemi bambancinsa da santimita 75, ka ɗauki kason da nisanka ya ci daga cikin 50. A misali, idan kana kwance idonka yana santimita 35 daga ƙasa, bambancin 40 ne, mita 5 kuma kashi ɗaya ne cikin goma na zangon, sai ka ƙara santimita 4 ka kafa tsakiyar baƙin a santimita 39. Idan kana tsaye idonka yana santimita 160, bambancin 85 ne zuwa ƙasa, sai ka rage 8.5 ka kafa a santimita 151.5. Wanda ya liƙa takardarsa a santimita 75 a bangon ɗaki, yana tsammanin ya bi ƙa'ida, zai tilasta wa jikinsa ɗaga bindiga sama idan yana kwance, ko sunkuyar da ita ƙasa idan yana tsaye, ya yi makonni yana gina matsayin da babu filin da zai karɓe shi.

Zobban maki

Idan harbin wofi kawai za ka yi, wato jan kunama ba tare da harsashi ba, abin da aka faɗa ya wadatar, domin babu hudar da za a ƙirga. Idan kuwa zauren harbi ne mai izini inda ake sakin harsashi na gaske a gajeren zango, a nan ne lissafi na biyu yake shigowa.

Ka tambayi kanka nawa tsakiyar harsashi za ta iya kaucewa daga tsakiyar takarda amma a ba ka 10. Rabin faɗin zoben 5.2 ne, rabin faɗin harsashi 2.8 ne, jimla milimita 8. Wannan 8 ɗin ita ce ainihin girman goma a mita 50, kuma ita ce abin da ya kamata a rage. A mita 25 kaucewar da aka yarda da ita milimita 4 ce. Amma harsashin da zai huda takardar mita 25 har yanzu rabin faɗinsa 2.8 ne, don haka abin da ya rage wa zoben shi ne 1.2, wato faɗin milimita 2.4. Wanda ya rage da fotokopi ya samu zobe mai milimita 5.2, kaucewar da takardarsa ta yarda da ita kuwa 5.4 ce maimakon 4. Idan aka mayar da wannan zuwa mita 50 ya zama milimita 10.8 a madadin 8, kuma ta fuskar fili gomansa ta kusa ninka ta gaskiya. Harbi da yawa da yake rubutawa 10 a littafinsa, 9 ne.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce, ka haɗa faɗin zobe da 5.6, ka ninka da nisanka, ka raba gida 50, sannan ka ɗebe 5.6. Da ita, a mita 25 zoben 10 zai zama milimita 2.4, na 9 ya zama 10.4, na 8 ya zama 18.4, na 7 ya zama 26.4, kowanne yana ƙaruwa da milimita 8 har zuwa na 1 mai 74.4. A mita 20 zoben 10 ya koma ɗigo mai milimita 0.8, na 9 ya zama 7.2, na 8 ya zama 13.6, ƙarin kowanne 6.4. Baƙin kuma yana nan a kan lissafinsa na farko, kada a ɗebe masa komai.

Da zarar an sauko ƙasa da mita 17.5 lissafin zoben 10 yana ba da lambar da ta gaza sifiri. A mita 15, alal misali, 16 sau 0.3 ya ba da 4.8, idan an ɗebe 5.6 babu abin da ya rage da za a zana. Wannan ba alamar kuskure ba ce, yana nufin cewa taɓa tsakiyar takarda kaɗai bai isa a ba da 10 ba, sai hudar ta haɗiye tsakiyar har da ɗan rara. Mafita ita ce a juya ƙa'idar ƙirga makin, a zana zobba masu faɗi, a ce harbi ba ya cin makin zobe sai idan hudarsa duka tana cikinsa ba ta taɓa layi ba. A wannan hanya, maimakon ɗebe 5.6 a ƙarshen lissafi, ƙara shi ake yi. A mita 15 zoben 10 zai zama milimita 10.4, na 9 ya zama 15.2, na 8 ya zama 20. A mita 25 kuma 13.6, da 21.6, da 29.6. Haka ƙungiyar masu harbi da ƙananan bindigogi ta Birtaniya, NSRA, take yi a takardunta na yadi 25, wato mita 22.86, inda baƙin yake da milimita 51.39, zoben 10 kuma 12.92. Wanda yake son ya tabbatar ya fahimci ƙa'idar, ya saka 22.86 a cikinta ya gani ko waɗannan lambobi za su fito masa.

A ganina wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da duk wani zango da bai kai mita 25 ba, har ma da mita 25 ɗin kanta. Ɗigon milimita 2.4 harsashi ɗaya yake ɗauke shi gaba ɗaya, ya bar mutum yana jayayya da abokinsa a kan abin da ba a gani, amma layin da yake waje da huda yana nan, kowa zai iya duba shi. Abin da ba a so shi ne a manta wace ƙa'ida aka zana takarda da ita, a ƙirga takardar faɗaɗɗun zobba da ƙa'idar taɓa layi, wanda zai mayar da kowa gwani a yini ɗaya. Shi ya sa ake rubuta nisan da ƙa'idar a ƙasan kowace takarda tun kafin a buga ta.

Masu amfani da bindigar iska a mita 10 don su kwaikwayi mita 50 su lura cewa lambobi biyu ne a lissafinsu. Wadda ake haɗawa da farko 5.6 ce, domin ita ce ta harsashin da ake kwaikwayo, wadda ake ƙarawa ko ɗebewa a ƙarshe kuma 4.5 ce, faɗin ƙwayar dalmar da za ta huda takarda. Da ƙa'idar huda a cikin zobe, na 10 zai zama milimita 7.7, na 9 ya zama 10.9, na 8 ya zama 14.1, na 7 ya zama 17.3, baƙin kuma 22.5. Kada a ɗauka cewa takardar bindigar iska ta gasa za ta iya tsayawa a madadin wannan. Baƙinta milimita 30.5 ne, ya fi girma a ido nesa ba kusa ba, kuma gomanta, wadda take ɗigo mai rabin milimita, tana yarda da kaucewar milimita 2.5, alhali goman mita 50 idan an kawo ta mita 10 milimita 1.6 kawai take yarda da shi. Wato goman ƙaramar bindiga ta fi ta bindigar iska tsanani ta fuskar kusurwa, ko da yake a takarda ita ce take kama da babba.

Zane da bugu

Kowace manhajar zane ko ta rubutu da take barin mutum ya rubuta faɗin da'ira da milimita za ta yi aikin. Ka zana baƙin, ka ɗora zobban da farin layi a cikin baƙi da baƙin layi a waje, kaurin layin kada ya wuce milimita 0.2, ka tabbata lambar da ka lissafa ita ce ta bakin layi. A gefen takarda ka ja layi biyu masu tsawon milimita 100, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Ka ajiye zanen a matsayin PDF, domin hoto da ake turawa ta WhatsApp yana rasa ma'auninsa.

A shagon bugu ne aka fi yin asarar wannan wahala. Kwamfutocin shagunan Yamai galibi da Faransanci suke, kuma sau da yawa a saite suke su daidaita shafi da takarda da kansu, wanda yake rage zane kaɗan ba tare da an lura ba. Ka tsaya a kan mai bugun ka ce ya zaɓi «Taille réelle», wato girman ainihi, kashi 100 cikin 100. Ya fitar da guda ɗaya tukuna, ka ɗora rula a kan layukan nan biyu kafin ka bar shagon. Idan sun ba da 100 daidai sai a ci gaba, idan ɗaya ya ba da 99 ɗaya kuma 100 to da'irorinka ba su zagaye daidai ba, gara ka nemi wata na'ura. Kada ka yi fotokopin wadda aka riga aka yi fotokopinta, kowane zagaye yana ƙara nasa kuskuren.

Takardar A4 ta ofis mai giram 80 ta isa harbin wofi, muddin an manna ta a kwali don fanka kada ta riƙa kaɗa ta. Don harsashi kuwa ta yi laushi, tana yagewa maimakon ta huje, sai a nemi mai kauri ta giram 160 zuwa 200 marar sheƙi, a sa kwali a bayanta. Idan an samu mai launin ƙasa-ƙasa mai haske ta fi fara fat, domin takardun gasa ma ba farare tas ba ne, kuma fari mai yawa yana gajiyar da ido. A mita 25 takardar A4 tana ɗaukar baƙi shida, biyu a jere sau uku, da tazarar kusan santimita 10 tsakanin tsakiya da tsakiya. Harbi ɗaya ake yi wa kowane baƙi idan ana son ƙirga maki da gaske, kuma duk lokacin da za a koma wani baƙin jiki ake motsawa gaba ɗaya daga ƙugu, ba a tura bindiga da hannu ba. Huda a takarda tana ɗan tsukewa bayan harsashi ya wuce, shi ya sa alƙalan gasa suke da ƙarfen awo mai faɗin milimita 5.6 da suke zurawa a ciki. Wanda ba shi da shi ya buga da'ira mai wannan faɗi a kan leda mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, ya riƙa ɗora ta a kan huda.

Haske ya zo daga gaban takarda, ta sama ko ta ƙasa, yadda ba zai yi ƙyalli a kan baƙin ba, kuma kada fitilar ta haska idon mai harbi. A zaurukan gasa na mita 10 ana buƙatar aƙalla lux 1500 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) a fuskar takarda, wanda ya fi hasken ɗaki na yau da kullum sau da yawa. Fitilar caji da aka ajiye kusa da takardar tana kusantar da mutum ga haka, kuma tana ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta. Kafar da za ta riƙe kwalin, ƴan katako biyu da ƙusoshi daga kasuwar Katako sun isa, a yi mata ramuka uku a tsayin matsayi uku.

Aiki da ita a gida

Mallakar bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, kuma duk abin da ke cikin wannan bayani na wanda yake da takardunsa ne, ko yake atisaye a ƙarƙashin mai horarwa da aka amince da shi. Harsashin .22 ba a harba shi a gida ko a tsakar gida ko kusa, komai kaurin abin da aka jingina a bango, domin ƙanƙantarsa tana ruɗar mutane alhali yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle idan ya bugi siminti ko ƙarfe. Kafin harbin wofi, harsasai su kasance a kulle a wani ɗaki dabam, a buɗe bindiga a duba mazaunin harsashi da ido, a sake dubawa. A fuskantar da takarda ga bango mai kauri wanda babu mai zama a bayansa, ba ƙofa ba, ba taga ba. A sanar da mutanen gida, a fitar da yara, a rufe ƙofa, kuma da an ajiye bindiga an fita an dawo, a sake duba ta kamar ba a taɓa dubawa ba.

Harsashin .22 a gefen gindinsa allura, wato ƙarfen da yake dukan harsashi ya tashe shi, take bugu, saboda haka idan babu komai a ciki allurar wasu bindigogi tana iya dukan bakin mazaunin ta yi masa rauni a hankali. Bindigogin gasa da yawa suna da yanayin atisaye da yake barin kunama ta saki ba tare da allura ta kai can ba. Idan taka ba ta da shi, a sa harsashin roba da aka yi don haka. Bindigar iska mai sifirin kuwa ba a jan kunamarta ba tare da ƙwaya ba, yana lalata ta.

Amfanin takardar yana fitowa ne idan an yi kowane harbi cikakke. Ka shiga matsayi, ka rufe ido, ka yi numfashi biyu ko uku, ka buɗe. Idan baƙin ba ya cikin zobe, jikinka ne yake kallon wani wuri, sai ka gyara jikin. Idonka ya tsaya a kan zoben gaba, baƙin ya ɗan dushe, haka ya kamata ya kasance, ko da yake a ɗaki za ka ga ya fi fitowa sarai fiye da na mita 50 saboda kusancinsa. Ka ja kunama a hankali har ta saki, ka ci gaba da kallo na daƙiƙa biyu, sannan ka ɗiga a littafi inda kake jin harbin ya sauka. Tun da babu ƙara babu bugun ƙota, duk wani motsi da yatsanka ya jawo za ka gan shi ƙarara, kuma wannan shi ne abin da harsashi na gaske yake ɓoyewa. A gasar matsayi uku ta wasannin Olamfik na Paris a 2024, harbi 20 aka yi a kowane matsayi a zagayen share fage, don haka ashirin-ashirin ma'auni ne mai kyau na zama ɗaya. Akwai na'urorin lantarki irin su SCATT da suke nuna yawon bakin bindiga a kwamfuta, suna da amfani ƙwarai ga mai halin saye, amma su ma a kan takardar da aka rage daidai da nisa suke aiki.

A zauren harbi mai rufi kuwa, abin da ya fi buƙatar kulawa bayan bakin bindiga shi ne dalma. Ƙurarta tana taruwa a iska da ƙasa da tufafi, kuma tana cutar da yara fiye da manya. Iska ta riƙa tafiya daga bayan mai harbi zuwa wajen takarda, kada a ci ko a sha a wurin, kada a share ƙasa da tsintsiya a bushe, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Saitin bindiga ma zai buƙaci gyara, domin idon saiti yana sama da bututu da ƴan santimita, kuma harsashi ba a miƙe yake tafiya ba, saboda haka bindigar da aka daidaita a mita 50 za ta sauke harbinta wani wuri dabam a mita 20 ko 15. Kowane danni na maɓallin saiti shi ma ƙarfinsa yana raguwa da nisa, wanda yake motsa harbi milimita 2 a mita 50 milimita 1 zai motsa a mita 25. Ka ƙirga dannin da ka yi ka rubuta, domin ka mayar da su daidai ranar komawa fili.

Ko da an yi komai daidai, makin ɗaki zai fi na fili, kuma ya kamata a san dalili. A ɗaki babu iska, alhali harsashin nan mai nauyin giram 2.6, da yake fita da gudun da bai wuce mita 330 a daƙiƙa ba idan na gasa ne, iska kaɗan tana iya fitar da shi daga 10 zuwa 9 ko 8 a mita 50. Babu rawar zafi da take tashi daga ƙasa ta sa baƙi ya riƙa motsi a ido da tsakar rana. Bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi, wanda ba ya nuna kansa sosai a mita 20, yana buɗewa sama da ƙasa a mita 50 fiye da yadda lissafin nisa kaɗai zai nuna. Saboda haka a ware wa makin kowane zango shafinsa a littafi, a kwatanta mita 25 ta wannan wata da mita 25 ta watan jiya, a bar gwajin harsashi da koyon karanta iska sai ranar da aka samu fili mai cikakken tsawo.